Wandon hawan keke a sanyi mai ruwa: amsa ga ɗalibin da zai tafi Faransa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Zinder, gidanmu a Birni. Na gama digirin farko a Jami'ar André Salifou, kuma Allah Ya sa na samu gurbin ƙaro karatu a Lille, zan tashi ƙarshen Agusta. Ɗakin da aka kama mini yana da nisan kilomita 6 da makaranta, niyyata in riƙa zuwa a keke don in rage kashe kuɗi, tunda nan ma da keke nake yawo. Rigar sanyi na riga na samu a bosho, wato gwanjo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wando. Mahaifiyata ta ce a kai wa tela yadi mai kauri ya ɗinka mini guda biyu masu shafi, abokina kuma ya ce in sayi jins manya in riƙa haɗa biyu. Na ji an ce ka zauna can kuma kana hawan keke. Me zan sa a ƙafa idan ana sanyi ga kuma ruwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sanya albarka a karatun, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Bari in maimaita tambayar yadda na fahimce ta. Za ka yi kilomita 6 da safe, kilomita 6 da yamma, tun daga Nuwamba har Maris, a garin da sanyi da ruwa suke tafiya tare. Kuma idan ka sauka daga keken, aji za ka shiga ka zauna awa uku ko huɗu cikin mutane da kayan da ka zo da su. Wannan zaman shi ne rabin matsalar, don wandon da ya yi maka daidai a kan hanya yana iya zame maka azaba a kan kujera. Shekara biyar na yi a Lille, ɗakina a unguwar Fives, karatuna a Villeneuve-d'Ascq, kuma in ka cire ranakun da ƙanƙara ta daskare a titi, a keke na yi su. Har yau ban daina hawa ba, da hunturu nakan fita bayan asuba in nufi Mirriah in dawo. Na ɗanɗani na nan da na can a ƙafata, daga nan maganata za ta fito.

Ɗari daban, sanyi daban

Kakanninmu sun riga sun raba mana zancen. Abin da muke sha a Damagaram daga Disamba zuwa Fabrairu ɗari ne, busasshe, mai jaura da ƙura, mai fasa leɓe da diddige. Sanyi kuwa a asalin Hausa shi ne mai laima, irin na bayan ruwan Agusta ko na bakin tafki. Ɗarinmu da asubar Janairu yakan tsaya wajen digiri 14 ko 15, wata rana ya sauka ƙasa da haka, amma kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta karya shi. Maganinsa ka sani: a tara kaya masu kauri, a naɗe kai, a matsa kusa da garwashin mai shayi. Duk abin da ka ɗora a jiki yana nan a bushe har ka cire shi.

A Lille matsakaicin Janairu wajen digiri 4 ne, dare yakan kusanci sifili, iska kuma daga teku take tahowa ɗauke da laima. Ruwan da Zinder ke samu a shekara, milimita 400 ko kusa da haka, cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, kamar da bakin ƙwarya, a fake a rumfa ya wuce. Na Lille ya haura milimita 700, a rarrabe cikin watanni goma sha biyu, yawancinsa yayyafi siriri da zai wuni bai ɗauke ba. Wanda ya ce zai fake ya jira shi ba zai ga ƙofar makaranta ba. Ko ranar da sama ba ta zubar ba, titi a jiƙe yake kwana, don rana ba ta da ƙarfin busar da shi. A ƙarshen Disamba sai wajen tara saura kwata take fitowa, kafin ƙarfe biyar ta faɗi.

Ka tuna salkar da direbobin manyan motocin Agadez suke ratayawa a gefen mota. Fatar tana naso kaɗan kaɗan, iskar gudu tana bugun ta, danshin bayanta yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan ciki yake sanyi ƙarara ko da tsakar rana. Randar tsakar gida ma haka take aiki. To, jiƙaƙƙen wando a jikin mai keke salka ne, ƙafarka ce ruwan da ke ciki. Ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki 25 fiye da yadda iska take yi. Sannan mai keke shi yake ƙera wa kansa iska. Ko ganye ba ya motsi, in kana gudun kilomita 20 a awa, digiri 5 kamar digiri 1 fata za ta ji shi, sifili kuma kamar 5 ƙasa da sifili. Wannan lissafin ma na busasshiyar fata ne. Gaban cinya da gwiwa su ne suke karɓar iskar, su ne kuma ruwa yake sauka a kansu, tunda duk juyin feda sai cinya ta kwanta tana kallon sama.

Nuwambata ta farko na fita da jins mai kauri da na saya a Kasuwar Dole, da gajeren wando na auduga a ciki, ina ganin na shirya. Yayyafin bai kai abin da za mu kira ruwa a gida ba. Kafin in yi rabin hanya cinyoyin wandon sun yi duhu, yadin ya manne, duk ɗaga ƙafa sai ya ja gwiwa. Na shiga aji ƙarfe takwas na zauna kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, ina kallon tururi yana tashi daga gwiwata, hannuna ya kasa riƙe biro saboda karkarwa. Har sha biyu wandon bai bushe ba. Da na koma ɗaki na tuɓe, shuɗin yadin ya zuba a fata, ɗinkin hantsa kuma ya goge ni har ya saɓule wurin. Kwana uku ban iya zama a sirdi ba.

Shawarar Hajiya da ta abokinka

Mahaifiyarka ta yi tunanin uwa, kuma da Agadez ko Bilma za ka, da na ce ka bi maganarta ba gardama. Matsalar tana ga auduga. Abin da ke ɗumama mutum a tufa shi ne iskar da ta maƙale tsakanin zaruruwa. Auduga in ta sha ruwa, iskar nan ta fita, ruwa ya zauna a gurbinta, kuma ba ya tashi da wuri. Shafi ƙarin auduga ne, wato ƙarin soso. Jins biyu kuwa ya fi muni: ga nauyi, ga ƙin lanƙwasa a gwiwa, ga ɗinki mai kauri da ya haɗu wuri guda daidai inda kake zama a sirdi. Busasshe ma yana guga, balle jiƙaƙƙe. Ka tafi da jins ɗinka, ranar da gari ya bushe ka sa abinka, amma kada ka dogara da shi. Kuɗin yadin kuma Hajiya ta ajiye su, akwai aikin da za su yi, zan zo kansa.

Abin da ya riƙe ni shekara huɗun da suka biyo baya bai wuce haka ba: siriri a ciki, madaidaici a waje, mai hana ruwa a naɗe cikin jaka.

Na cikin dogon wando ne mai kama jiki, Faransawa suna ce masa collant thermique ko caleçon long. Ana yin sa da polyester ko da ulun tumakin merino. Polyester ba ya shan ruwa sai abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, zufa wucewa take yi ta cikinsa, in ka wanke da dare kafin safe ya bushe, ga araha. Aibinsa shi ne saurin yin wari. Ulu yana iya riƙe danshi har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, yana ɗumi ko da ya yi laima, kana sa shi kwana da kwanaki bai yi tsami ba. Sai dai tsada, kuma sirdi yana saurin cinye shi a hantsa. Ga ɗalibi, polyester guda biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a kan igiya. Kome za ka saya ka juya ƙugun ka karanta 'yar takardar da ke ciki, in ka ga coton, wato auduga, ya fi yawa, mayar musu da abinsu.

Dalilin da ya sa na ce siriri shi ne ajin. Ana ɗumama ɗakunan karatu zuwa wajen digiri 19, mai kauri zai sa ka yi ta zufa a zaune, ka fito da yamma da danshi a jiki iska ta same ka. Ni sai gari ya sauka ƙasa da digiri 7 ko 8 nake sa shi. Kai a shekararka ta farko za ka fara tun Oktoba, kuma kada ka ji kunyar haka don ka ga 'yan garin da wando falle ɗaya. Jikin da ya saba da zafin Afrilu na Zinder yana buƙatar lokaci.

Na wajen ka nemi irin na masu yawon daji da hawan tsaunuka, pantalon de randonnée, na nailan ko polyester mai ɗan miƙewa. A ido kamar wando ne na kowa, za ka shiga aji da shi, ka shiga masallaci da shi. Saƙarsa matsattsiya ce tana tare iska, yayyafin minti goma sha biyar ko ashirin yana gangarewa a kansa, in ma ya jiƙe a jikinka zai bushe kafin a fita hutun farko. Kilomita 6 tafiyar minti 20 ce zuwa 25, ka ga yawancin ranaku wannan da na cikin sun gama maka aiki. Alamar ka sa kaya daidai ita ce ka ɗan ji sanyi a minti biyar na farko. In tun a bakin ƙofa kana jin ɗumi, ka yi yawa, za ka isa a jiƙe da zufa.

Wandon ruwa

A nan ne ake asarar kuɗi, don haka bari in daɗe. Sunansa surpantalon, ana zura shi a kan wandon da ke jiki, a cire a bakin ƙofa. Bayan abin da ya same ni da jins, na je wani kanti na ɗauki mafi araha, leda ce kawai aka yanka da siffar wando. Ruwan sama bai shiga ba ko ɗigo, amma na isa makaranta a jiƙe sharkaf kamar yadda na isa ranar farko. Cinya ita ce injin keke, tana fitar da zafi da zufa, leda kuma ba ta barin komai ya fita. Zufar ta taru a ciki tana gangarowa har cikin takalmi.

Saboda wannan matsalar aka ƙirƙiro yadin da ake cewa yana numfashi, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Gore-Tex, tun shekarun 1970 yake kasuwa. Akwai wata siririyar fata a tsakiyarsa mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya wucewa amma tururin zufa yana fita. Yana aiki, sai dai kada mai kanti ya ruɗe ka. Babu yadin da zai iya fitar da zufar mai taka feda da ƙarfi a ranar da iskar waje kanta cike take da laima. Mai tsadar ma yana jiƙa mutum in ya yi gudu. Dabarar da ba ta cin ko dala ita ce, ranar ruwa ka fita minti goma kafin lokacinka, ka sa giya mai sauƙi, ka tafi sannu kamar dattijon da ya dawo daga gona. Da wannan, madaidaicin wando ma ya ishe ka.

In ka je saye, za ka ga an rubuta wata lamba da milimita, 2,000 ko 5,000 ko 10,000. Tsawon ruwan da za a tsayar a kan yadin ne kafin ya fara naso. Mai tafiya a ƙasa ƙaramar lamba na iya isarsa, amma mai keke yana danna yadin da mazaunai a kan jiƙaƙƙen sirdi, yana ja masa a gwiwa, nan ne ruwa yake fara ratsawa. Ni ba na ɗaukar ƙasa da 5,000, in aljihu ya yarda 10,000 ta fi. Bayan lamba, juya wandon ciki waje ka dubi ɗinki. Kowace huda ta allura ƙofar ruwa ce, dole ka ga an bi bayan ɗinkin da wani siririn tef an liƙe, musamman a hantsa. In babu, lambar banza ce.

Sannan ka gwada shi a cikin kantin da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Ruwa a hanya yake kama mutum, za ka tsaya gefen titi a ƙafa ɗaya, jaka a baya, motoci na watso maka, kana ƙoƙarin zura shi. In zif ɗin ƙafar gajere ne sai ka cire takalmi, safa ta taka ruwa, aikin ya lalace. Nemi mai zif har kusa da gwiwa. Ɗaga gwiwa zuwa ƙirji ka gani, bakin wandon ya kamata ya ci gaba da rufe saman takalmi, bayan ƙugun kuma kada ya zame ƙasa. Wanda ya yi maka daidai a tsaye gajere ne a kan keke. Ya kasance yana da maɗauri a idon sawu, don sarƙa a dama take, tana kama duk abin da ya yi lilo. In akwai layin nan mai walƙiya idan fitilar mota ta haska shi, ɗauki wannan. Zuwa da dawowarka duk cikin duhu za su kasance a Disamba, kuma direba ya fi saurin gane mai keke ta ƙafar da ke hawa da sauka tana ƙyalli.

Wasu sun fi son babbar rigar ruwa mai rufe mutum har kan keke, cape de pluie. Tana rufe cinya kamar rumfa, iska na shiga ta ƙasa, ba zufa. Ga gajeriyar tafiya a cikin gari tana da kyau. Ni ban daɗe da ita ba, don ƙasar Lille shimfiɗaɗɗiya ce, iska in ta taso sai ta cika rigar ta nemi kai ni gefe.

Matsattsen wandon 'yan tsere

Za ka gan su ran Lahadi a tawaga, da baƙin wando manne da jiki mai igiyoyi a kafaɗa. Yankin nan gidan tseren keke ne. Roubaix tana maƙwabtaka da Lille, can ake ƙare tseren Paris-Roubaix da aka fara tun 1896, duk watan Afrilu, ka daure ka je kallo. Har yadin nan mai laushin gashi a ciki da ake ɗinka wandon sanyi na 'yan keke da shi, sunan garin aka sa masa. A hantsar wandon akwai matashi da suke kira peau de chamois, don a da fata ce ta gaske da aka jeme ta yi laushi, irin aikin da majemanmu suka gwanance a kai. Yanzu soso ne, kuma ba a sa wandon ciki a ƙarƙashinsa. Ga mai tafiyar awa biyu ko uku babu kamarsa: ba ya hana jiƙewa, amma yana riƙe ɗumi a jiƙen, ba ya guga, ba ya kama sarƙa.

Kai dai ba naka ba ne yanzu. Ba za ka zauna aji da shi ba, kuma ɗan Birni da aka yi wa tarbiyya ba zai sake ba da suturar da ke zana jiki haka, ni ma ban taɓa fita da shi ba sai da wani sakakken wando a sama. Ga kuma abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba: da hunturun can azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu ko biyar, kana makaranta. Mai igiyar kafaɗa sai ka tuɓe rigunanka na sama kafin ka kama ruwa. Ko na cikin da na ce ka saya, ka gwada ka ga bakinsa yana naɗewa ya wuce idon sawu ba wahala, don alwala.

Abu ɗaya da na ɗauka a wurin 'yan tseren na riƙe har yau shi ne rufe gwiwa. Masu horar da su suna cewa in gari ya sauka ƙasa da digiri 15 a rufe ta. Al'ada ce da suka gada daga gogewa, amma hankali ya yarda da ita, don gwiwa ba ta da tsoka ko kitsen da zai kare ta, ga shi ita ce a gaba. Digiri 15 kuwa asubar Janairunmu ce. Nakan ga yaran makaranta a hanyar Mirriah da wandon yunifom shara-shara, jaura tana kaɗa su, abin yana taɓa mini zuciya. Su auduga ta ishe su tunda ɗarin busasshe ne: tsohon wandon wasanni a ciki, man kaɗe a ƙwauri saboda kaushi, a ɗaure ƙafar dama da roba.

Rabin ruwan daga ƙasa yake zuwa

Kafin ka kashe ko yuro ɗaya a wando, dubi keken. Taya tana kwaso ruwan titi, ta gaba ta watsa a ƙwauri da takalmi, ta baya ta zana maka layi daga mazaunai har ƙeya. Ruwan nan ya fi na sama datti, da hunturu kuma har da gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara. Ka nemi keke mai cikakken marfin taya gaba da baya, garde-boue, da marfin sarƙa, irin tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayenmu. Kekunan haya na garin, V'Lille, suna da marfin taya, kana iya farawa da su kafin ka sayi naka. Leda guda kuma ka cusa a ƙarƙashin sirdi, duk inda ka ajiye keken a waje ka rufa masa.

Tafin ƙafa shi ne ke fara mutuwa. Safar ulu ƙafa ɗaya cikin takalmi mai sarari ta fi safa biyu cikin matsattse, don matsi yana tare jini, jini kuma shi ke kai ɗumi yatsu. Bakin wandon ruwa ya sauka a kan takalmi, in ka cusa shi ciki ka yi wa ruwa indararo. Busasshiyar safa ɗaya a leda cikin jaka kullum. In ka dawo takalmi ya jiƙe, cusa masa tsohuwar jarida ya kwana. Yatsu kuma in sun daskare har ba ka jin su, kada ka ɗora su kan ƙarfen ɗumama ɗaki ko ka tsoma a ruwan zafi. Ɗumama su farat ɗaya yana jawo kumburi mai ƙaiƙayi da raɗaɗi da suke kira engelures. Tsane su ka sa busasshiyar safa, su dawo a hankali.

Me za ka saya nan, me za ka bari sai can

Dilolin bosho daga ƙasashen sanyi suke fitowa, kuma kayan da kake nema su ne waɗanda ba mai waiwayarsu a zafin Zinder, don haka za ka same su a wulaƙance. Ka shiga Kasuwar Dole ka tona: dogon wandon ciki, safar ulu, wandon yawon daji. Ja robar ƙugu ka ji ko tana da rai. Daga nan kuɗin Hajiya su tafi wurin tela, ya gyara maka su. Ya tsuke ƙafa kamar tsala, ya ƙara tsawon bayan ƙugu da ɗan yatsa uku, in wandon ya matse ya sa masa ƙyalle a hantsa don ɗinki ya kauce daga inda kake zama. Telolinmu sun san hantsa fiye da masu jins. Wandon ruwa kuwa kada tela ya taɓa shi da allura, kuma kada ka saye shi a bosho. Zafi da daɗewa a dila suna ɓare abin da aka shafa masa a ciki. In ka murza ka ga farin gari a hannunka, ya riga ya mutu.

Shi ka bari sai ka isa. Kamfanin kayan wasanni na Decathlon a gefen Lille ya fara a 1976, hedkwatarsa tana Villeneuve-d'Ascq, kantunansa ba za su yi maka nisa ba. A lokacina yuro 20 zuwa 30 suna sayen madaidaici, yuro ɗaya sefa 656 ne in an cika, ka ga jikka 13 zuwa 20 kenan. Akwai shagunan Emmaüs na kayan hannu, kuma tunda ƙarshen Agusta za ka tashi, za ka riski Braderie ta Lille a ƙarshen makon farko na Satumba, gari gaba ɗaya ya koma kasuwar gwanjo, har keke ana samu. Kada ka saye komai a wata ɗaya. Wandon ruwa kafin Oktoba, sauran ka ƙara yadda jikinka ya nema, a Janairu kuma ana karya farashin kayan sanyi.

Wajen kula da shi, kada ka bar shi a dunƙule cikin jaka a jiƙe, zai yi fumfuna. Rataye shi a juye, nesa da ƙarfen ɗumama ɗaki don zafin yana ɗaga tef ɗin. In za ka wanke kada ka zuba ruwan nan mai ƙamshi na tausasa tufafi, yana toshe ƙofofin yadin. Ranar da ka ga ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a bayansa, ya koma shimfiɗewa yana duhu, akwai maganin fesawa da ake sayarwa don sabunta shi.

Duk wannan magana ta tsaya ga irin yanayin arewacin Faransa da Beljiyam, tsakanin sifili da digiri 10 tare da laima, da gajeriyar tafiya irin taka. Mai zuwa Kanada ko Rasha, inda ake sauka 20 ƙasa da sifili, lissafinsa daban ne. Safiyar da ka ga titi yana sheƙi kamar gilashi, ajiye keken ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 1 yana kaiwa har Cité Scientifique, harabar jami'a da ke Villeneuve-d'Ascq, babu wandon da ke hana santsi. Kuma in kana da sikila, ko akwai ta a gidanku ba ka taɓa yin gwaji ba, ka ga likita kafin ka tashi. Sanyi da jiƙewa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, wannan kuma ya fi ƙarfin shawarar mai keke.

Lahadin farko da aka tashi da ruwa a Oktoba, sa kayan duka ka yi hanyar makaranta ka dawo, ba tare da kana sauri ba. Da ka shiga ɗaki ka tuɓe ka duba inda ya jiƙe. In gwiwa da mazaunai ne, yadin ne ya gaza. In layi ne a bin ɗinki, tef ne. In ko'ina ne daidai wa daida har bayan gwiwa, zufarka ce, rage kaya ko rage gudu. Ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaida Hajiya da kyau.